Goshi a Ƙasan Jan Layi

Talata, bayan azahar

Na danna jan wurin nan da kag gwada min. In wayar na ɗauka, to. In ba ta ɗauka, bango ya ji. Ni ce, Shahida, matarka, ko ka mance murya.

Yau wata uku ke nan da anka maido babur ɗinka daga wajen Konni. Babur ɗai, babu kai. Ba wagga magana nis so yi ba.

Ɗiyar yayanka Alhaji Attahiru ta zo daga Sakkwato. Rumaisa, wadda kac ce tana karatun dabbobi. Ta zo da hwarin allo, da littahi, da wani babban kohi na roba mai zane-zane a jiki, da wani ƙarhe awa almakashi. Tun hantsi suke garke ita da Baffa Mukhtari makiyayi, suna huda kunnen shanu suna maƙala musu 'yan kunne ruwan ɗorawa. Shanu talatin da biyu, kowace da lambarta. Har Goshi. Saniyar da babana yab ba ni ranar da anka kawo ni gidanga, wadda kac ce a sa ta garken yayanka don ta samu dusa.

Nic ce, "Wagga tana da suna."

Tac ce, da Hausarta ta rediyo, "Anti, suna ba ya shiga lissafi. Daga yau ita ce goma sha bakwai."

Anti. Ta girme ni da shekara huɗu, wai Anti.

Na duba lambar da kyau. Sanda guda a tsaye, da lauje kusa gare ta. Na riƙe.

Laraba, hantsi

Alhaji ya tara mu bakin garke, mu huɗu masu tatsa. Yac ce dusa ta yi tsada, harawa ta yi tsada, shi ba ya kiwon shanu don ado. Sai ɗiyar tak karɓe magana. Wai akwai wata gona wajen Sakkwato, saniya guda lita goma take ba su, tamu ko uku sai da addu'a. Wai sati uku za a yi ana awo, sahe da marece, kowace saniya da ƙwaryarta, ba a gauraya. A juye cikin kohin nan, a duba zane, a rubuta. A kuma auna dusar da kowace tac ci. Wadda nononta yab biya abincinta har da saura, ta zauna. Wadda tac ci hiye da abin da tab bayar, wannan cin banza take.

Sai taj ja jan layi tsakiyar allo. Tac ce, "Lita uku ke nan. Duk wadda ta kwana a ƙasan layin nan ranar Asabar ta ƙarshe, Lahadi sai kara, kasuwar shanu."

Baffa Mukhtari yac ce, "Hajiya ƙarama, in anka auna mutane hakanan, wa za shi saura Illela?" Anka yi dariya. Alhaji bai yi ba.

Nic ce, "Yaya, Goshi tawa ce."

Yac ce, "Taki ce, amarya. Dusar wa take ci? In ta hwaɗi a saida ta, a damƙa miki kuɗɗinki a hannu. Ba mai cin haƙƙinki."

Kuɗɗi. Mi za ni yi da kuɗɗi? In dama su in ba ta da cokali?

Laraba, bayan la'asar

Bari in hwaɗi sau guda in huta.

Tun ranar babur babu kome a ƙirjina. Na sha kunun kanwa har cikina ya ƙi, na sha saiwar da wata tsohuwa tab ba ni a kasuwa. Ko ɗigo. Yarinyar wata bakwai gare ta yanzu. Gaban Inna, uwarka, ina sa ta cikin mayahi awa kowace mai goyo, ta ja, ta ja, ta gaji ta hwashe da kuka, in ce haƙori ne.

Abin da take sha na Goshi ne. Ina da buta sabuwa, shuɗiya, ba ta taɓa ganin bayi ba. Ina tahiya garke da ita awa mai shirin alwala. Goshi ba ta yarda da hannun kowa sai nawa, don haka ba mai tsaya min bisa kai. In anka kwance maraƙinta daga igiya yat tsotsa nono yas sauko, sai in hwara da buta, sannan ƙwarya. In dahwa a ɗaki, in hihita, in ba ta. Wa ke leƙa butar macce?

Ka san Inna. Tun ranar suna take cewa ɗiyar hwari ba ta uwa ba ce. Ga Hindatu ƙanwarka can Sakkwato tana goyo, nono har jiƙa mata riga shike. Ranar da Inna taj ji, ranar za a ɗauke ta a kai can. Kuma ba ni da baki. Ɗiyar hwari ce. Ba ni hwaɗin sunanta, ba ni mata wasa gaban mutane, in anka ce "ɗiyarki" sai in sunkuyar da kai awa an zage ni. Ƙaƙa mutum za shi yi hwaɗa bisa abin da ba shi iya kiran sunanshi?

Da can dut nonon garke wuri guda ake juyewa, ba mai sanin na wa yar ragu. Sai wagga taz zo da kohinta.

Jumma'a, bayan tatsar marece

An rataye allon jikin rumhwa. Ban iya karatu ba amma na san sama na san ƙasa. Na bi da ido har nig ga sanda da lauje. Ƙasan layi. Ta uku daga ƙarshe.

Rumaisa tac ce, "Lita biyu da rabi. Abin mamaki, Anti, hantsarta ta fi ta kowa cika."

Nic ce, "Ai ba ni nih halicce ta ba."

Can sama kuwa shanun nan biyu ne da Alhaji yas sawo, masu jinin Turai, da ba su iya tsayuwa rana sai haki. Su ake ma shimhiɗa inuwa. Su ake hwara ba ruwa.

Asabar, marece

Ƙasan layi.

Lahadi, hantsi

Ƙasan layi. Ina jin kukan shanu daga kara tun daga nan. Allah ya isa tsakanina da wanda yaƙ ƙago lita.

Litinin, bayan magariba

Na rage na buta rabi, in ga ko allo shi ɗaga. Ya ɗaga kaɗan, bai kai layi ba. Yarinyar kuwa tun walaha take tsala ihu, har maƙwabta.

Inna tah hito da carbinta. "Ke amarya, wanga kuka ba na haƙori ba ne. Na haihi tara. Nononki shina da kauri kuwa? Zo nan in gani."

Nic ce na bar tukunya bisa wuta. Babu tukunya. Na shiga madahi na hura wutar ƙarya, ashana huɗu nil lalata.

Gobe buta ta cika. Allo shi ci kanshi.

Talata, hantsi

Na yi wauta. Na ƙara ruwa a ƙwarya, luddai biyu kacal.

Ashe Rumaisa na da wata siririyar kwalba da take sakawa cikin nono ta yi iyo. Tas saka a na kowa, tas saka a nawa, kwalba tan nutse hiye da sauran. Gaban matan tatsa tac ce, "An sa ruwa a ta goma sha bakwai."

Nic ce ɗauraye ƙwarya niy yi, ban tsiyaye ba.

"Anti, kwalba ba ta ƙarya. Na safen nan ba zan rubuta ba."

Kwalba ba ta ƙarya, ni ke ƙarya ke nan. Matan sunka yi ta zunɗe. Ɗaya tac ce, "'Yan Gidan Katta dai, ko a rijiya sai sun yi tallan nono." Garinmu take nuhi. Na ji. Allah shi kai mu ranar da za a auna nata.

Alhamis, bayan azahar

Ka san ƙa'idar tatsa, ko ka mance, kai da ba ka san kome ba sai babur? Nono huɗu ne ga saniya. Uku na mutane, guda na maraƙi. Babana ko bara kake ba ka taɓa na maraƙi a garkenshi.

Kwana biyu ke nan ina tatse huɗun. Ina barin shi ya tsotsa kaɗan nono shi sauko, in janye shi in ɗaure. Shina ja da igiya shina kallona.

Lita uku cip. Sanda da lauje sun hau bisa layi, daidai bisa, awa tsuntsu a waya. Rumaisa tac ce, "Kin gani? Da an fara aunawa sai kowa ya gyara hannu." Tana murmushi. Da na samu dama da na juye mata kohin a ka.

Asabar, marece

Bisa layi. Yarinyar ta yi barci da rana, har da munshari.

Litinin, hantsi

Baffa Mukhtari ya tare ni bakin igiyar maruƙa. "Ɗiyata, wanga maraƙi ana ƙirga haƙarƙarinshi daga nesa."

Nic ce, "Bazara ce, Baffa, kowa ya rame."

"Sauran ba su rame haka ba." Yad dube ni, yad dubi butar, yad dubi goyona.

Nic ce, "In kana da magana ka kai ma Alhaji, ai shi ke biyanka." Tsoho sa'an babana nih hwaɗa ma haka. Ya juya yat tahi. Da ya zage ni da ya hi min.

Talata, bayan la'asar

Maraƙin na zawo. Ba shi tashi sai an ɗaga shi. Na bar mishi nono biyu yau. Bai ja ba.

Laraba, asuba ta wuce

Baffa ya sa mishi wuƙa kahin rai shi hita.

Laraba, bayan magariba

Goshi ta riƙe nononta. Hantsa cike tam awa tulu, na ja, na shahwa, na kira ta da dut sunayen da babana ke kiranta, ko ɗigo. Tana ta kuka tana juyawa wajen igiya, wurin da ake ɗaure shi. Babu a ƙwarya, babu a buta.

Na dama ma yarinyar koko tsararo. Ta sha cokali uku tam maido.

Ni nik kashe shi. Kada ka ce min kome. Ai ba ka nan ma balle ka ce. Kai kaj ja min. Nic ce kada ka tahi ranar, kac ce lodi guda ne, kahin la'asar kana gida. Wace la'asar?

Alhamis, azahar

Babu. Idonta ya shiga ciki. Na yarinyar nike nuhi.

Rumaisa ta zana ƙwai biyu gaban sanda da lauje. Ƙwai na gane shi. Babu ke nan.

Alhamis, bayan tatsar marece

Alhamdu lillahi. Bari numhwashina shi komo.

Baffa ashe ya heɗe hwatar tun jiya ya shanya. Yau yac cusa mata ƙaiƙayi da busasshiyar ciyawa, yaɗ ɗinke ciki, yas sa itace huɗu wurin ƙahwahu, yas shahe bayan da gishiri. Yak kawo yat tsaida gaban Goshi. Kai a karkace, ido babu.

Rumaisa tana dariya tana ɗauka da waya. "Baffa, wannan ai camfi ne."

Yac ce, "Riƙe kohinki kusa, Hajiya ƙarama."

Goshi tas sunsuna. Taj ja baya. Tak komo tas sunsuna wuya, wurin da igiya tac ci. Sai tah hwara lasa. Ina duƙe ƙarƙashinta nij ji nono ya sauko cikin hannuna, ɗumi, har shina zuba ƙasa kahin in tara.

Ta san ba shi ba ne. Na ga idonta. Ta sani sarai, tal lasa.

Dut hankalinsu na wajen hwata, nic cika buta har wuya. Baffa ya tsaya tsakanina da su, ya baje riga, wai shina gyara ƙahwar itace.

Jumma'a, hantsi

Yarinyar ta sha, ta riƙe. Ta kama min yatsa.

Gaban Inna na sa ta cikin mayahi awa kullum. Ita ma ta san babu kome wurin. Tana ja.

Lahadi, bayan la'asar

Na tambayi Rumaisa, a wulaƙance don kada ta ga damuwa, nic ce tunda ana samun uku yanzu ai shi ke nan. Tac ce a'a. Wai ba na rana guda ake dubawa ba, kwanakin dut ake haɗawa a raba. Ranar ruwa da ranakun ƙwai sun ja ta ƙasa. Ko ta yi uku kullum har Asabar, ƙasan layi za ta kwana.

To maraƙin ya mutu a banza ke nan.

Sai tac ci gaba, tana buga biro a haƙori. "Akwai abin da bai fita ba, Anti. Maraƙi ya mutu. Rabonsa ya kamata ya shigo kofi. Kafin ya mutu uku, bayan ya mutu uku. Dusa tana cinyewa tas, ba ta da ciwo, na duba. To ina sauran yake zuwa?"

Nic ce, "Tambayi saniyar, ke da kinka yi karatunsu."

Tac ce za ta gano. Wai ba ta barin lissahi a buɗe.

Wagga yarinya ba ta da aikin yi? Ba ta da saurayi? Wani shi zo shi aure ta mu huta.

Talata, hantsi

Rumaisa ta kawo kujera 'yar tsugune taz zauna gehena har nig gama. Ban taɓa buta ba. Dut ya shiga ƙwarya. Tad duba zane, tas sake dubawa, tak kalle ni. Ban tsaya jin nawa ne ba.

Da azahar, rana na dukan kowa ya shige ɗaki, na koma garke na jawo hwatar na tsaida. Ɗan abin da nis samu bai kai rabin buta ba.

Laraba, marece

Kujera kuma. Dillali ya zo ya zagaya garke da Alhaji, shina taɓa gindin wutsiyar shanu. Ya taɓa Goshi. Yac ce, "Wagga da nama." Mahauta shike nuhi.

In na bar buta, Goshi ta hau sama, yarinyar ta kwana da yunwa. In na cika buta, Lahadi a ja Goshi, yarinyar ta kwana da yunwa. Kai mai dabara, hwaɗa min.

Alhamis

Ba ni da abin cewa.

Jumma'a, bayan hantsi

Shi ke nan.

Yau Rumaisa ta makara, nis samu nic cika buta kahin ta iso. Na aje ta gindin turke. Taz zo, tat taimaka ma Baffa ɗaga wata saniya, hannunta yaɓ ɓaci da kashi. Sai ji niy yi, "Anti, ara min butarki." Kahin in miƙe ta ɗauka ta karkata.

Hwari tas bisa hannunta, shina bin yatsu shina ɗiga.

Ba kowa kusa sai Baffa, shi ko ya juya baya. Tat tsaya. Ka san abin da tay yi? Juye sauran tay yi cikin kohi. Taɗ ɗaga shi saitin ido. "Lita ɗaya saura kaɗan, ban da wanda ya zube."

Na durƙusa mata. Ni, matar ƙanen ubanta, cikin kashin shanu. Nic ce, "Don Allah, don darajar iyayenki."

"Sayarwa kike? Wa ke sha?"

Yarinyar tam motsa a bayana. Rumaisa tad dube ta, tad dubi gaban rigata, tad daɗe.

"Tun yaushe?"

Nic ce tun ranar babur.

Sai idonta yac cika. Tak kama hannuna tana cewa, "Haba Anti, ai wannan ba abin ɓoyo ba ne, ba laifinki ba ne, yana faruwa. Kuma kin san me? Ya fitar da Goshi! In na mayar da lita ɗaya a kowace rana, ba ta cikin na sayarwa ko kusa. Bari in gyara."

Nic ce kada ki gyara. Nic ce bar ta ƙasan layin. Nic ce ki ce ni ke sha, ki ce saidawa nike, ki ce ɓarauniya ce. Tac ce ba ta rubuta ƙarya, kuma Baba zai tambaya, kuma kowa zai tausaya min. Tam maida min nonon cikin buta da hannunta, tat tahi da sauri awa wadda tat tsinci kuɗɗi.

Tausayi. Ba ta san mi tausayin gidanga ke yi ma mutum ba.

Asabar, bayan la'asar

An karanta allo. Sanda da lauje can sama, ta biyu, ƙarƙashin mai jinin Turai guda, bisa ɗayar. Rumaisa tac ce in anka duba abin da kowace ke ci, Goshi ma ta hi su riba, don rabin dusarsu take ci kuma ba ta shan magani. Tah hwaɗi dalilin gyaran, dalla-dalla, gaban matan tatsa, gaban dillali, gaban Inna da taz zo kallo da kujerarta.

Alhaji yay yi ta shahwa bayan Goshi. "Ikon Allah. Saniyar ƙanena ke nan. Irinta za mu riƙa nema." Sati uku da sunka wuce tawa ce mai cin dusar banza. Yau ta ƙanenshi ce.

Inna ta bari sai da anka watse daga garke. Ta kira ni ɗakinta, tas sa anka saki labule. Ba ni hwaɗin abin da anka yi cikin ɗakin. Hannunta da sanyi.

Da tag gama tac ce, "Wata uku kina shayar min da jika abincin maraƙi, kina min wasan mayahi. Allah ya kiyaye ba ki kashe ta ba awa wancan." An kira Hindatu. Litinin za ta zo da mota.

Asabar, magariba

Rumaisa ta zo bakin ƙohwata. "Anti, wallahi ban san haka za a yi ba. Na yi wa Inna magana, ta ce in rufe baki."

Nic ce, "Kin san litar kowace saniya, ba ki san gidan ubanki ba."

Tana nan tsaye tana kuka. Ta yi ta yi. Hawayen ma ta tara a kohi ta auna.

Lahadi, hantsi

Sun tahi kara da shanu biyar, Alhaji da dillali da Baffa. Kahin su hita Baffa ya wuce ta gehena shina gyara rawani, bai dube ni ba, yac ce, "Hwatar na ƙohwar baya. Saniya ba igiya take bi ba. Ni yau ina kasuwa, ban ga kome ba."

Na ishe ya cire ma Goshi ɗan kunnen ya yar cikin kwamin dusa. Ƙarƙashin wurin ga tsagar babana nan, biyu a kunnen dama, yadda take tun tana maraƙa.

Na ɗaure kaya ƙunshi guda. Bari in sa wayar a zane.

Lahadi, azahar ta gota

Muna gindin wata tsamiya, hanyar Gidan Katta. Wayar na ƙyahta ja, bari in yi sauri.

Na goya yarinyar, niɗ ɗora hwatar bisa kai, ƙahwahun itace na kallon sama. Na kwance Goshi ban ko riƙe igiya ba. Tab biyo ni, hancinta a bayana.

Inna na tsakar gida. Tat tashi har carbi yah hwaɗi. "Ke! Ina za ki da jikata? Aje min ita nan. Ɗiyar hwari ce, ba ki da baki bisa gare ta. Ba ki da kunya?"

Matan tatsa sun hito, maƙwabta sun leƙo ta katanga. Sai nij ji murya ta hita, wai tawa ce.

Nic ce, "Sunanta Humaira. Ni nih haihe ta. Humaira, ɗiyata."

Wata tac ce innalillahi. Inna tar riƙe baki. Ban taɓa hwaɗin shi da ƙarhi ba, ko a ɗaki, ko a wayar ga. Ashe ba shi da nauyi.

Rumaisa na bakin ƙohwar baya da littahinta, daidai hanya. Nic ce matsa. Tad dubi kunnen Goshi, tab buɗe littahi tar rubuta wani abu, tac ce, "Na sa: goma sha bakwai, mai ita ta ɗauka. Gaskiya ce, zan iya nuna wa Baba." Sai tam matsa. Tana ta hwaɗi daga baya, in riƙa tahwasawa sosai, in kai ta asibiti a duba nauyinta. Na ji dai.

Ban san ko babana shi karɓe ni ko shi maido ni ba. Ban san mi Goshi za ta ci ba kahin ciyawa ta hito, amma gabas ta yi baƙi tun ɗazu, iska na ƙanshin ƙasa.

Na jingina hwatar jikin tsamiya, Goshi tal lasa, nit tatsa cikin ƙwarya a hili, 'yan babur na wucewa suna kallo. Wata macce a bukkar can ta ara min wuta, ba ta tambaye ni kome ba. Lita nawa ne? Oho. Humaira ta ƙoshi, ga ta nan tana jan gashin wutsiyar Goshi.

In ka komo, ba mu gidan. Ban jira ka ba, kai ma ba ka jira la'asar ba. Ka biyo hanyar Gidan Katta, ka tambayi mahaukaciyar da taw wuce da mataccen maraƙi bisa kai, saniya na bin ta. Ba ka ɓata. Kowa ya gan ni.